Ungozomar Tungar Yero

Laraba, 2 ga Oktoba, da hantsi

Madam Kikelomo mai kemis ɗin bakin tasha ce ta ce in riƙa rubutawa. Ta ce ko ba komai in rubuta abin da na ci da yadda na kwana. To. Na sha koko rabin kofi. Barci kuwa sai dai a ce na kwanta.

Ina gidan Inna a Bagudo. Kayana suna can Tungar Yero, a ɗakina na bayan asibiti, har da tukunyar da na bari kan murhu ban wanke ba. Shekara huɗu ina ungozoma a ƙaramin asibitin nan na wata ƙungiyar agaji, biyu daga ciki ni kaɗai, tun da abokiyar aikina ta yi aure ta tafi ba a kawo wata ba. Makon jiya na je buɗe ɗakin haihuwa, na ɗora hannu kan ƙofar, hannun ya ƙi turawa. Ina nan tsaye har mai shara ta zo ta same ni. Sai na ɗauki mayafina na bi jirgin masu kifi na taho gida. Ban sanar da ofis ba.

Inna ta cika ɗakin da hayaƙin turare. Ta ce, "Wagga ba cutar asibiti ba ta. Gamo kinka yi bakin gulbi." Ban yi mata musu ba. Musu ma ƙarfi yake so.

Alhamis, 3 ga Oktoba, da safe

Yau ranar awon ciki ce. Yanzu haka sun cika bencin da ke ƙarƙashin darbejiya. Matan ƙetare, na ɓangaren Benin, su ke fara isowa, ƙafafunsu duk taɓo, suna ce mini "fofo, Malama," ina mayar musu da Dandancina na kame-kame suna dariya. Za su zauna har rana ta yi zafi. Ban san wanda zai gaya musu su koma ba.

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

Sadisu ya kira daga Kamba, suna lodin albasa. Shekara tara da aurenmu, rabin zamanmu a waya muka yi shi, shi yana kan babbar mota, ni ina Tunga, 'yarmu Mashkura tana nan wurin Inna saboda makaranta. Ya ce gajiya ce, in sha fura in yi barci. Ya ce idan aikin ya ishe ni in bari, bai gaza ciyar da ni ba.

Na ce to. Ban iya gaya masa cewa aikin nake so ba. Shi nake so, kuma shi ne ba na iya kusanta.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan azahar

Malam Haliru, mai kula da ma'aikata a ofishinmu, ya zo da kansa a kan babur. Ya gaida Inna da ladabi, ya sha ruwa, sannan ya miƙo mini takardar tuhuma. Wai na bar wurin aiki ba izini, na jefa rayuka cikin haɗari. In ba da amsa, in kuma bayyana gaban kwamiti. Idan ba su gamsu ba kora ce, kuma za su kai sunana hukumar da ke ba mu lasisi.

"Malama Ni'ima," ya ce, "ni wallahi ban ji daɗi ba. Amma mi as same ki? Ga ki nan lahiya lau, ba rauni, ba zazzaɓi."

Na ce ban sani ba.

"To ki samo abin da za ki ce. Kowa na da damuwa. Ni ma nan da kike ganina hawan jini gare ni, amma kullum ina ofis."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Da ya tafi na duba jikina kamar yadda ya dube ni. Gaskiya ya faɗa, babu abin da za a nuna.

Laraba, 9 ga Oktoba, da yamma

Ban tashi ba sai don salla. Mashkura ta leƙo, ta koma.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da hantsi

Kullum na ɗauki biro sai in kewaye zancen. Yau zan rubuta.

Sunanta Khadijatu, matar Na'Allah masunci. Cikinta na uku ne, biyun farko duk ni na karɓa. Ranar mata biyu suka zo da naƙuda kusan tare, ita da wata Bafulatana. Na karɓi ta Bafulatanar, na juyo kan Khadijatu, ta haifi namiji lafiyayye. Sai jini ya ɓalle. Allurar tsai da jini tana cikin firij, firij ɗin kuwa ya mutu tun farkon damina, na sha kai ƙara ofis. Na yi mata allurar duk da haka. Ba ta yi aiki ba. Na sa ƙarin ruwa, na danna mahaifar da hannuna, na ce a nemo jirgi, don ambaliya ta cinye hanyar mota.

Rana tsaka ce. Muna ratsa gonakin shinkafa da ruwa ya shanye, sai kan zangarniya kake gani nan da can. Na'Allah yana tuƙi, ƙanwarsa tana riƙe da ledar ruwa a sama, ni hannuna yana kan cikinta. Tana magana da farko. Ta tambaye ni ko an ba yaron ruwan dabino. Ta ce, "Malama, hannunki ya gaji, ki huta." Na ce ban gaji ba. Muna hango rufin kwanon Bagudo ta daina amsawa.

Ban cire hannun ba har muka kai gaɓa. Na'Allah ne ya ce, "Malama, sake ta haka nan. Ta tahi."

Na koma aiki washegari. Na yi mako uku ina karɓar haihuwa kamar ba abin da ya faru. Sai ranar nan ta ƙofa.

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

Madam Kikelomo ta ga takardar tuhumar ta ce, "Nas, wannan ba abin zama ba ne." Ta rufe kemis ɗin, ta shigar da ni ciki tsakanin kwalaye, ta kira 'yarta Temitope, lauya a Birnin Kebbi. A nan Bagudo aka haifi Temitope, Hausarta ta fi tawa Kabanci. Na san ta tun tana zuwa da kayan makaranta tana taya uwarta tsare shago.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Anti Ni'ima, zan faɗa miki gaskiya. In kika ce musu aiki ya yi miki yawa, ko ranki ya ɓaci, doka ba ta da abin cewa. Gajiya ba naƙasa ba ce. Baƙin ciki bayan mutuwa ma ba naƙasa ba ne, kowa na yin sa ya wuce."

Na ce ai ni ma ban ce naƙasa ba.

"Tsaya ki ji. Dokar masu naƙasa ba ta tsaya ga ƙafa da ido ba, ta haɗa da lalurar ƙwaƙwalwa. Amma sai abin ya zama cuta ce da likita ya gano ya sa mata suna, sai ta zama mai daɗewa, ba ta mako biyu ba, sai kuma tana hana ki rayuwa da aiki kamar sauran mutane. In haka ne, ba daidai ba ne a hukunta ki saboda ita kamar wadda ta gudu don ganin dama. Ban yi miki alkawari ba, ba a cika gwada irin wannan a wajenmu ba. Amma ita ce ƙofar da nake gani."

Na ce, "Wato in je in ce ni naƙasasshiya ce."

"Ki je ki ga likita, shi zai faɗa. Tun yaushe kike haka?"

Na ce tun ranar Khadijatu.

Ta ce, "Anti, kin tabbata? Mama ta ce ta daɗe tana sayar miki da maganin barci."

Madam Kikelomo ta juya tana gyara kwalaye.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da safe

Naƙasa. Na yi ta juya kalmar a bakina. Ni da nake ɗaga mace daga amalanke ni kaɗai. Ni da na taɓa karɓar tagwaye da fitilar waya a baki. Idan na ce naƙasa, nakan ga masu keken hannu a ƙofar masallacin Juma'a, ina ba su sadaka ina wucewa. Ban taɓa tunanin ko su ma sun yi gardama da kalmar kafin ta zauna musu ba.

Na gaya wa Inna. Ta ajiye tsintsiya. "Likitan mahaukata? Ɗiyata? Wa zai auri Mashkura in anka ji?" Na ce Mashkura shekararta bakwai. Ta ce mutane ba su mantuwa.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da hantsi

Ranar awo.

Na'Allah ya zo. Ya kawo kifi banda a kwali, ya tsuguna a zaure ya ƙi hawa tabarma. Ban sake ganin sa ba tun ranar. Na ɗauka zan kasa duban sa, sai shi ne ya kasa duba na. Ya ce yaron yana nan, ƙanwarsa ke shayar da shi. Ya ce ba wanda ya ga laifina, kowa ya ga abin da na yi.

Sannan ya ce, "Malama, mata sun koma haihuwa gida. Shekaranjiya matar maƙwabcina ta kwana biyu tana naƙuda, ɗan bai zo da rai ba. Mutane sunka ce in taho in tambaya, yaushe za ki komo?"

Na ce ba da daɗewa ba. Bakina ne ya faɗa.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan azahar

Na haɗa jaka da sassafe. Na ce zan koma, komai zai faru ya faru. Na kai bakin gulbi, na biya kuɗin jirgi, na sa ƙafa ɗaya ciki. Jirgin ya ɗan yi lilo kamar yadda kowane jirgi ke yi. Sai ƙirjina ya rufe, na ji ƙarnin jini alhali kifi ne kawai da man inji. Na zauna a kan yashi. Wata mai tallan gyaɗa ta yi ta yi mini fifita da faifai tana salati.

Inna ce ta zo ta ɗauke ni, wani ya kai mata labari. Da muka shiga gida ta ce, "Yaushe ne zuwa Birnin Kebbin, wurin likitan?"

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan la'asar

Mun je mun dawo. Inna ta sa babban mayafinta ta rufe rabin fuska tun daga tasha, kada wani ɗan Bagudo ya gan mu a layin. Layin kuwa mutane ne kawai. Wani malamin makaranta da jarida, wata mai jego, wani soja cikin kayan gida. Ba wanda ke ihu.

Likitan bai kai ni shekaru ba. Ya yi ta tambaya a hankali. Barci. Abinci. Ko ina jin daɗin abin da na saba jin daɗinsa. Ko na taɓa jin gara a ce ba ni. Na amsa wannan ma, Inna tana zaune. Na ce tunanin yakan zo, amma ban taɓa nufin aikatawa ba. Ya ce ya ji daɗi da na faɗa, kuma duk ranar da ya yi nauyi in kira lambar da zai ba ni, kada in jira ranar dawowa.

Sai ya ce tun yaushe. Na ce tun watan jiya.

"A'a," in ji Inna.

Muka juya duka.

"Tun babbar sallar bara. Ta zo gida an yi suya, ba ta taɓa naman ba. Ita da tun tana ƙarama sai an ɓoye mata hanta. Ta bar kitso. In an buga ƙofa sai ta zabura ta hau neman takalmi, ko da mai tallan nono ce. Ta bar dariya, likita. Ni'ima da ake jin dariyarta daga zaure."

Ni ce 'yar farinta. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai "ke" ko "wagga ɗiya". Yau ta faɗe shi gaban baƙo, ba ta ma lura ba.

Likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ya fi shekara yana ci na, mutuwar Khadijatu ta zo ta ɗora firgici a kai. Ya ce yana da magani, amma ba na kwana uku ba ne. Na tambaye shi ko zan sake karɓar haihuwa. Ya ce yana fata, amma ba yanzu ba, kuma ba ni kaɗai ba.

A mota Inna ta sayi rake ta ɓare ta miƙo mini. Mayafin ya zame mata, ba ta gyara ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, da hantsi

Maganin yana busar da baki. Na yi barci har rana ta fito. Na yi mafarkin bencin darbejiya, kowa na nan, ina kiran suna ɗaya bayan ɗaya.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da yamma

Sadisu ya iso. Ya rame, ya yi baƙi. Na yi ta jiran zuwansa, na ɗauka idan na gan shi wani abu zai sauka daga ƙirjina. Da na gaya masa abin da Temitope ke shirin rubutawa sai ya miƙe tsaye.

"A takarda? Da hatimi? Ni'ima, kin san tasha. Gobe in na tsaya shan shayi a Kamba za a ce ga mijin wadda ta taɓu. Ki ajiye musu aikinsu, ki fita da mutuncinki."

"In na ajiye, sunana zai je hukuma a matsayin wadda ta gudu ta bar masu naƙuda. Wannan ne mutuncin?"

"To ki ce zazzaɓi kika yi. Madam ba za ta rasa wanda zai rubuta miki ba."

"Sai su ce na warke, in koma gobe ni kaɗai. Ka je ka tambayi mai gyaɗar bakin gulbi yadda na koma."

Ya ce shi bai gane cutar da ba a gani a jini ba. Na ce ni ma da na yi karatun ban gane ta ba sai da ta kayar da ni. Ya fita masallaci bai ci tuwon ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan azahar

Bai sake tayar da zancen ba. Yau da safe na same shi a tsakar gida yana juya kwalin maganina, yana haɗa baƙaƙen Turancin da kyar. Ya ce, "Kafin abinci ko bayan abinci?" Na ce bayan. Ya aika aka sayo ƙosai, ya zauna har na cinye uku.

Can ya ce akwai wani direba abokinsa da ya taɓa kaɗe yaro a hanyar Jega, ba laifinsa ba. Tun daga ranar bai sake riƙe sitiyari ba, yana nan yana sayar da katin waya. "Mun ɗauka tsoro ne," ya ce. "Mun yi ta yi masa dariya."

Alhamis, 31 ga Oktoba, da yamma

Mun koma wurin likita, ya ba da rahotonsa. Na karanta a mota. Duk abin da ke ciki gaskiya ne, amma kamar labarin wata mata ce da zan so in je in duba.

Ranar awo ce kuma. Na huɗu ke nan ko na biyar, na daina ƙirgawa.

Talata, 5 ga Nuwamba, bayan la'asar

Kwamiti. Mutum uku a bayan tebur: shugabar shirin da ta zo daga Birnin Kebbi, wani likitan ƙungiya, da Malam Haliru yana rubutu. Temitope ta zo da baƙar jaka, ta zauna kusa da ni. Sadisu ya ɗage tafiyarsa, ya tsaya a waje jikin babur ɗin wani.

Shugabar ta ce ta karanta rahoton, tana tausaya mini, amma kowace ungozoma a ƙasar nan tana cikin matsi. Idan aka ce matsin aiki naƙasa ne, gobe ma'aikatansu duka za su kawo takarda.

Temitope ta ce ta yarda, matsi ba naƙasa ba ne, kuma ba shi muka kawo ba. Ta ce abin da muka kawo cuta ce da likita ya tabbatar, ta wuce shekara, ta hana ni barci da ci da shiga jirgi da buɗe ƙofar ɗakin aikina. Ta ce barin aiki ba sanarwa kuskure ne, ba mu musa ba, amma ranar cutar ce ta fitar da ni, ba raini ba. Ta ce ba mu zo neman faɗa ba, mun zo neman a gyara mini aikin yadda zan iya, maimakon a kore ni.

Likitan ƙungiyar ya dube ni. "Malama, ke da bakinki. Kina ganin kanki a matsayin mai naƙasa?"

Ina jin fanka tana juyawa. Na yi ƙoƙarin tuna duk abin da na shirya faɗa, babu wanda ya zo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba na son kalmar. Amma matan Tunga suna can suna jira na, na san sunan kowacce, na san watan kowacce. Babu abin da nake so a duniya kamar in je. Na gwada, na kasa. In akwai wani suna da ake kiran wannan, ku faɗa mini in karɓa. In babu, to wannan ɗin ne."

Malam Haliru ya daina rubutu. Shugabar ta tambaye shi ko gaskiya ne na yi shekara biyu ni kaɗai, ba hutu. Ya ce gaskiya ne. Ta tambayi zancen firij. Ya ce shi ma gaskiya ne, an sa shi cikin abubuwan da za a gyara.

Suka ce za mu ji daga gare su.

Da muka fito Sadisu bai tambayi yadda aka yi ba. Ya karɓi jakata ya rataya a kafaɗarsa, jakar mata mai fure, ya bi ta tsakiyar kasuwa da ita.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da safe

Na yi kitso. Mashkura ta zauna tana miƙo wa mai kitson tsinke.

Litinin, 11 ga Nuwamba, bayan azahar

Amsa ta zo. Sun janye tuhumar, ba za a kai sunana ko'ina ba. Sun ba ni hutun jinya, bayansa zan koma asibitinsu na nan cikin gari, awo da rigakafi kawai, da rana, ba karɓar haihuwa sai likitana ya amince. Ba su rubuta kalmar naƙasa ba, sun ce "bisa la'akari da lalurarta". Temitope ta ce sun kauce mata ne da gangan don kada ta zama hujja a kansu gobe. Ta ce in ina so za mu iya matsawa, akwai ma zancen diyya, amma hanya ce mai tsawo. Na ce ta bar ni in numfasa tukuna.

Tungar Yero kuwa sun tura wata sabuwa, Rahma, bana ta gama makaranta. Ta biyu za ta biyo baya "idan kuɗi sun samu".

Madam Kikelomo ta rungume ni ta ce mun ci nasara. Inna ta yi sadakar waina. Kowa yana murna, ni ma ina yi. Sai da na shiga ɗaki na gane abin da takardar ke cewa: ba ni ce ungozomar Tunga ba kuma.

Asabar, 16 ga Nuwamba, bayan magariba

Ruwa ya janye, hanya ta buɗe, don haka a mota muka je, ni da Sadisu, in kwaso kayana in miƙa wa Rahma makullai. Gonaki duk sun kwanta, shinkafar ta ruɓe a tsaye. Mutane suna ta gyaran bangon da ya zube.

Rahma 'yar siririya ce, farin takalminta ko ƙura bai yi ba. Tana ce mini Anti. Na zagaya da ita, na nuna mata gidan mai jirgin da ba ya ƙin tashi, na gaya mata matan da za ta sa wa ido. An kawo sabon firij. Na tsaya ina kallon sa.

Ta ce, "Anti, in biyu suka zo lokaci guda fa?"

Na ce ta kira ofis a ranar, ta sake kira washegari, kada ta gaji da kira har su kawo ta biyun. Na ce duk ranar da ta ga abinci ya daina yi mata daɗi ta zo ta same ni a Bagudo, kada ta jira shekara. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake.

Muna cikin ɗaure katifa a kan mota sai ga amalanken shanu da gudu. Wata yarinya ce daga ƙetare, cikin fari, na yi mata awo sau biyu kafin in tafi. Tana ganina ta miƙo hannu, "Malama! Malama!" Matan da suka rako ta suka yi kaina suna godiya ga Allah da ya kawo ni.

Rahma ta dube ni. Fuskarta ta yi fari.

Na riƙe hannun yarinyar har bakin ɗakin haihuwa. A nan na tsaya. Na ce mata da Dandanci wannan ƙanwata ce, hannunta ya fi nawa sanyi. Na ce wa Rahma, "Shiga. Kin iya. Ina nan waje, in kina son tambaya ki ɗaga murya." Ta shiga ta rufe.

Na zauna a kan dakali tare da dangin. Shekara huɗu a asibitin nan, ban taɓa zama a wannan gefen ba. Ashe ba a jin komai sai nishi da ƙarar kwano. Ashe haka lokaci yake tsayawa. Kakar yarinyar tana jan carbi, ta kama gefen zanena ta riƙe, ban san ko ta san ta riƙe ba. Ƙafafuna suna so su tashi, na danne su da hannu. Sau ɗaya Rahma ta kira, "Anti, kai ya sauko, amma tana ƙin yunƙuri!" Na ce ta sa ta kama gwiwoyinta, ta yi mata magana a kunne, kada ta yi tsawa. Muryata ta fita daidai.

Sai shiru. Shirun nan na san shi daga ciki, na san abin da hannu ke yi a cikinsa. Daga waje ba shi da iyaka.

Sannan kukan ya zo, siriri, mai faɗa. Kakar ta saki zanena ta rangaɗa guɗa. Rahma ta leƙo, gumi har wuya, takalmin nan ya ɓaci, ta ce, "Mace ce! Uwar lafiya, jini kaɗan." Ni take kallo, ba su ba. Na ɗaga mata kai.

Matan suka ruga ciki gaba ɗaya suna ture juna. Aka bar ni ni kaɗai a kan dakalin. Na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba ranar Khadijatu. Sadisu ya zo ya tsaya nesa kaɗan, ya juya baya yana kare ni daga masu wucewa.

Da na share fuska ya ce, "Ko za ki shiga ki ga jaririyar?"

Na ce ba yau ba. Na ce ya tambayo mini ranar suna.